Ka Bar wa Maɗaci Hanya

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a Zangon Sokode, wai ubanku mai riƙon zumunci ne, domin ya ɗauko yayarsa da 'ya'yanta biyu daga Dapaong ya riƙe su shekara da shekaru bai taɓa nuna gajiya ba. An faɗe ta a wurin ɗaurin aurenku, an faɗe ta ran suna, har wani malami ya taɓa kawo ni misali a wurin wa'azi ina zaune a gaba na sunkuyar da kai, mutane suna cewa dubi tawali'un Malam Idi. Ba tawali'u ba ne, kunya ce. Wannan babin na rubuta shi ne don in cire maganar nan daga bakinku tun ina da rai, kada in mutu ku ci gaba da yabona da abin da ya kamata a zage ni a kansa.

Kakanku, wanda ake kira Garba Mai Sassaƙe, maganin gargajiya yake sayarwa, ɓawon itace da saiwoyi da ganyaye. Da damina yana Sokode, da rani kuma sai ya haura arewa zuwa Dapaong, ya yi wata uku yana tara kaya yana cin kasuwannin ƙauye har wajen Manduri. A Dapaong masaukinsa ɗaya ne tun yana saurayi, gidan wani dattijo ɗan ƙabilar Moba da muke kira Baba Lamboni. Amanar da ke tsakaninsu ta kai har lokacin da mijin Yaya Memuna ya rasu a can, Baba Lamboni ya ce kada ta je ko'ina, ya ba ta ɗaki a gidansa ita da yaranta. Sabulu take dafawa da man kaɗe da ruwan toka, kuma sabulunta ya yi suna, matan Moba su kawo mata mai, matan Zango su zo su sara. A bayan gidan akwai wani ƙaton maɗaci wanda rassansa suka rufe tsakar gida da inuwa. A gindinsa Yaya ta kafa rumfar aikinta, ta kewaye wurin da zana mai tsawon mutum saboda awaki, shi ya sa ba mai shiga can sai ita. Mahaifin Baba Lamboni ne ya shuka itacen shekarar da ya kafa gidan, kuma tsohon ba ya magana a kansa sai ya ce itacen babana.

Ɓawon maɗaci kuwa kun san shi, ɗaci kamar me, ana jiƙa shi don zazzaɓi da ciwon ciki, kuma na tsohon itace ya fi ƙarfi. Sau ɗaya a shekara Baba Lamboni yake barin kakanku ya ɗiba. Na sha raka shi ina riƙe da buhu. Sai ya yi bisimilla, ya auna tafin hannunsa a jikin itacen ta gabas ya sassaƙa da gizago, ya zagaya ta yamma ya yi haka, sannan ya kwaɓa laka ya shafe wuraren biyu. Buhun ko kwata bai cika ba zai ce mu tafi. Ni kuwa abin yana ci mini rai, ga itace kamar rumbu a gabanmu muna ɗibar abin da bai taka kara ya karya ba. Wata rana na yi magana.

"Baba, ga kudu ga arewa ba mu taɓa ba."

"Gabas tafin hannu, yamma tafin hannu. Sauran ka bar masa hanya."

"Hanyar wa?"

"Hanyarsa. Haka na tarar ana yi."

Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, na ɗan yi karatu a zauren wani malami, na sauke littattafai biyu ko uku, kaina ya cika da iska. Da na ji kalmar hanya sai na yanke hukunci ni kaɗai cewa hanyar aljanu Baba yake nufi, wato ana bar wa mazauna itace ƙofar shiga da fita. Na ce camfi ne, ragowar jahiliyya ce da ta maƙale wa tsofaffi. Har na taɓa faɗa wa abokaina a bakin masallaci cewa babana mutumin kirki ne amma sana'arsa tana buƙatar wanki. Suka yi dariya, ni ma na yi. Allah ya yafe mini, mutumin da ban kai ƙurar takalminsa ba nake wa wannan maganar.

Shekarar da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da Baba, ni aka tura Dapaong ni kaɗai da gizagonsa. Na tafi da niyyar in nuna wa kowa cewa da an bar mini sana'ar nan tuntuni da ta fi haka. Ana nan sai wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mutumin Nijar, ya same ni a tasha ya ce yana son buhu biyu na ɓawon maɗaci tsoho, kuma da la'asar zai tashi. Ya ce ya ji labarin Garba Mai Sassaƙe, amma ya ga ɗan nasa yaro ne, ko ya nemi wani? Wannan kalmar ta yaro ita ta kai ni ta baro. Ranar kasuwa ce, gidan Baba Lamboni ba kowa, Yaya ma ta ɗauki sabulu ta fita. Da rana tsaka na buɗe zanar na shiga. Na fara da gabas, na koma yamma, na dubi buhu, na dubi kudu da arewa suna nan lumi. Na yi bisimilla da ƙarfi don aljanun su ji cewa ba na tsoronsu, na zagaye itacen kaf, faɗin kamu guda, tun daga gwiwata zuwa ƙuguna. Ɓawon yana ɓarewa da sauƙi, ƙarƙashinsa da danshi da santsi, farin itace ya bayyana tas. Ban sare itacen ba ko kaɗan, har ina yaba wa kaina iya riƙon gizago. Na kwaɓa laka sama-sama na shafe, na mai da itacen girkin Yaya na jingina a wurin, na kai wa direba kayansa kafin la'asar.

Kwana uku ina satar kallon rassan. Ba abin da ya faru. Sati ya wuce, wata ya wuce, ganye kore shar. Na koma Sokode da murna biyu, na cika buhu kuma na karya camfi. Da wani ranin ya zagayo na sake haurowa, maɗaci yana nan da inuwarsa, Baba Lamboni yana zaune ƙarƙashinta yana gyaran igiya. Na faki ido na shiga rumfar Yaya. Laka tana nan a wurin, mai kauri, ta kama sosai, na ce lallai na iya shafi. Na ɗan kankare ta da farce sai na ga bakin ɓawon na sama ya kumbura ya yi tudu kamar leɓen wanda zuma ta harba, na ƙasa kuwa ya bushe ya tsuke. Ban gane komai ba. Na ce warkewa yake yi, na fita abina.

Da ruwan farko na shekarar ya sauka, kowane itace a unguwar ya yi sabon ganye ban da maɗacin. Ya fara bushewa daga sama, reshe bayan reshe, kafin tsakiyar damina ya zama ƙirare a tsaye. Baba Lamboni ya aiko Sokode cewa a zo, akwai magana. Babana yana kwance ko juyi ba ya iya yi da kansa, don haka ni na je. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan da yanzu rana ke dukansa, tsohon da 'ya'yansa maza a gefe guda, mata a tsaye daga bayan ɗakuna, Yaya Memuna a durƙushe. An riga an shiga rumfarta, an ga ƙasar wurin ta yi fari da toka, an ga gindin itacen shafe da laka, ba wanda ya yi tunanin kankarewa. Baba Lamboni Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk kai yake ce musu. Ya dubi Yaya ya yi magana a hankali, bai ɗaga murya ba.

"Memuna, shekara takwas kana gidana, ban ce maka komi ba. Kullum kana zuba ruwan toka nan. Yanzu itacen babana ya mutu."

Sai ya juyo wajena.

"Idi, kai ɗan mai magani ne, ka san itace. Gaya mini gaskiya. Toka yana kashe itace?"

Ina so ku tsaya a nan, domin duk rayuwata a wannan tambayar ta rataya. Ba wanda ya tsare ni da wuƙa. Tsoho ne ya tambaye ni da girmamawa, a matsayin masani. Na ji idon Yaya a kaina ban kalle ta ba. Na dubi tabarma, na ce:

"Tana iya kashewa, Baba, in ta yi yawa."

Shi ke nan. Ya gyaɗa kai, ya ce ba zai yi faɗa ba saboda Garba, amma ba zai iya buɗe ido kullum ya ga rumfar nan ba, ta kwashe kayanta. Kafin sati ya cika matan da ke kawo mata mai sun janye, a kasuwa ana nuna ta da baki. Na ɗora ta a bayan kamiyo ita da yaranta da ƙullin kayansu, babbar tukunyar da take dafa sabulu ba ta sami wuri ba aka bar ta a can. Muka iso Sokode mutane suna sa mini albarka. Baba ya rasu bayan wata huɗu, abin da ya sani kawai shi ne 'yarsa ta jawo masa abin kunya a gidan amininsa, kuma har ya rasu bai ce mata komai ba, sai dai in ta shigo gaishe shi ya juya fuska bango.

Za ku ce yaya na iya zama da wannan shekara arba'in. Da hujja na zauna, kuma hujjar mai kyau ce, na goge ta har ta yi ƙyalli. Na ce kowa ya san itace da saiwa yake shan ruwa, ni kuwa ban taɓa saiwa ba. Na ce na sha ganin an yanka akuya, ban taɓa ganin ta tashi ta ƙara shekara da rabi tana kiwo ba, to in ni na kashe shi me ya sa ya yi damina guda yana kore? Toka kuwa ai gaskiya tana da kaifi, tana cin hannu. Da haka na lallashi kaina har na fara yarda cewa wataƙila dai Yaya ce. Itacen ma ya taimake ni, domin Baba Lamboni ya hana a sare shi, ya tsaya shekaru gara tana cinsa, ɓawon duka ya zube, ba sauran shaida.

Yaya ba ta sake dafa sabulu ba. Koko da ƙosai ta koma sayarwa a ƙofar gida, ita ta yi renon yawancinku, kun fi ni sanin hannunta. Akwai kuma ranar da na fi jin kunyarta fiye da ranar tabarma, wasunku suna wurin. Na shuka lemun tsami a tsakar gida, wannan da kuke tsinka har yau, yana ƙarami ina ji da shi. Wata safiya Yaya ta gama wanke-wanke ta juye ruwan a gindinsa. Ina zaune ina shan koko, kokon da ita ta dama, na ce cikin raha a gaban mahaifiyarku da baƙi biyu:

"Yaya, a rufa mini asiri, kada a yi wa lemona irin ta maɗacin Lamboni."

Aka yi dariya. Ta tsaya da bokiti a hannu ta dube ni, kallo ɗaya, ta wuce ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake zubar da ruwa a cikin gidan nan ba. Kowane bokiti sai ta ɗauka ta fita da shi har lambatun bakin titi, da rani da damina, har lokacin da gwiwoyinta suka fara ciwo. In kun ce ta kawo ku zubar sai ta ce a'a, ita ta san inda take kai ruwanta. Kuna cewa rigimar tsufa ce. Shekara ashirin da biyar ina ganin wannan bokitin yana wuce ni.

Asirina a hannun 'yata ya tonu, kuma ba ta san tana tonawa ba. Rakiya, ke da kike koyar da ilimin halittu a lise, wato sakandare, za ki tuna wata Lahadi da hantsi kina shirya darasi a baranda. Kin sa reshen zogale cikin kofin ruwa da kika zuba wa jar tawada tun jiya. Na zo wucewa na ce wannan kuma wane irin tsafi ne 'yan boko suka koyo. Kika yi dariya kika ce in zauna in gani. Kika ɗauki reza kika yanka reshen a kwance, can sama nesa da inda ruwan ya tsaya, kika miƙo mini da gilashin ƙara girma. Na ga jajayen ɗigo-ɗigo sun yi da'ira a cikin itacen, ɓawon kuwa bai ɗauki ja ba.

"Ka gani, Baba? Ta nan ruwa ke hawa, ta cikin itacen. Wasu 'yan bututu ne sirara, sun fi gashi siranta, tun daga saiwa har ganye. Rana tana busar da ruwan da ke cikin ganye, sai na ƙasa ya biyo, ɗigo yana riƙe da ɗigo. Kuma ba ruwa kaɗai ke hawa ba, yana ɗauke da gishirin ƙasa, irin abin da taki ke ba shuka."

Na ji daɗi ƙwarai, domin hujjata ce take fitowa daga bakin mai ilimi. Na ce ashe ɓawo riga ce kawai.

"A'a, ba riga ba ce. Ƙarƙashin ɓawo akwai wata hanyar daban, nan inda in ka ɓare za ka ji danshi da santsi. Ganye ne ke haɗa abinci da hasken rana, kuma ta wannan hanyar abincin ke sauka zuwa saiwa. Saiwa tana cikin duhu, ba ta iya yi wa kanta abinci, sai abin da aka aiko mata."

Kin faɗi sunayen hanyoyin biyu da Faransanci, ban riƙe ko ɗaya ba, domin kalmar hanya kaɗai ce ta shiga kunnena. Na daure na yi tambaya kamar mai neman ilimi.

"To in aka ɓare ɓawon aka zagaye itacen duka fa?"

"Ba zai mutu nan da nan ba, shi ne abin da ke ruɗin mutane. Ruwa yana ci gaba da hawa, ganye yana kore, kowa ya ce lafiya lau. Amma an yanke wa saiwa abinci. Sai ta yi ta cin ajiyarta, babban itace ya kai shekara ɗaya ko biyu. Ran da ajiyar ta ƙare saiwa ta mutu, sannan sama ya bushe. Akwai ma alama, za ka ga bakin ɓawon na sama ya kumbura, saboda abinci ya sauko ya tarar hanya a yanke ya taru a wurin."

Kika ci gaba da goge rezarki kina cewa shi ya sa masu sassaƙe na da ba sa zagaye itace, gefe da gefe suke ɗiba, ai Kaka ma ya san haka, ko ba haka ba Baba? Na ce haka ne. Kika tambaye ni ko lafiya, na ce jiri ne. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ba aljani ko ɗaya a maganar babana. Hanyar abinci yake nufi, bai san sunanta ba amma ya san kada a yanke ta, ni kuma mai littattafai uku na yanke ta da bisimilla. Leɓen nan da ya kumbura na gan shi da idona, na taɓa shi da farcena.

Kwana uku na yi ina kewaye ƙofar Yaya kamar baƙo. A na huɗu bayan azahar na same ta tana tsintar wake a faifai. Na durƙusa a gabanta, abin da ban yi ba tun ina yaro, na faɗa mata komai, direba, ranar kasuwa, kamu guda. Ba ta daina tsinta ba har na gama.

"Idi, sai yau?"

"Yaya, kin sani?"

"Rumfata ce fa. Ran da na dawo kasuwa na ga an taɓa mini itacen girki. Kai ka zaci lakarka ce ta yi damina biyu? Abin da ka shafa ko ruwan farko bai jure ba. Ni na riƙa kwaɓawa da kashin shanu ina sakewa, ina cewa ko Allah zai sa bakin ya haɗe."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa ranar da aka tara mutane. Ta ajiye faifan.

"Baba na kwance. Shekara talatin yana shiga gidan nan da gizago ba a taɓa cewa ya wuce tafin hannu ba. In na ce ɗansa ne, da gizagonsa, me ya rage masa? Ni na ce ba zan faɗa ba. Amma na zaci kai za ka faɗa. Da tsohon ya tambaye ka na dube ka, na ce yanzu Idi zai yi magana." Ta ɗauki faifan ta ci gaba. "Ka kuwa yi magana."

Na yi kuka a gabanta da furfurata, ba ta lallashe ni ba. Ta ce korar ba ta yi mata ciwo kamar maganar lemo ba, domin ran tabarma tsoro ne ya kama ni, ta gane tsoro, amma ran lemo ina ƙoshe ne ina shan kokonta. Na roƙe ta gafara.

"Yafewa na yafe tuntuni, ba zan kai nauyinka kabari ba. Amma sunana yana can Dapaong, ba a nan yake ba."

Sati bai cika ba na hau mota. Baba Lamboni ya daɗe da rasuwa, babban ɗansa Duti ne mai gida, shi ma ya tsufa. Ya gane ni, ya karɓe ni da ruwa da fara'a. Inda maɗacin yake yanzu fili ne, an ɗaure tumaki. Ina zaune na ji wata mata ta kira wurin da wani suna da yarensu, na tsinci sunan Yaya a ciki. Na tambayi Duti, ya ɗan ji nauyi, ya ce tokar Memuna suke ce wa wurin, har in yarinya ta zubar da ruwan wanki kusa da shuka sai a ce mata kada ta yi Memuna. Jikokin da ba su taɓa ganinta ba sun san sunanta da wannan. Na ja shi gefe na faɗa masa gaskiya a hankali, ina fatan a gama a tsakaninmu mu biyu.

"Babana ya mutu yana fushi da mutum da bai yi komi ba," in ji shi. "Kuma ba ni kaɗai ke kiran sunan ba. Mata ne ke kira. Ka faɗa masu."

Ya tara gidan duka a filin nan, da rana, mata da yara da surukai. Na tsaya a tsakiya ina faɗa da Hausa yana juyawa da Moba, jimla bayan jimla, kuma kowace sai na jira ta sauka a fuskokinsu kafin in faɗi ta gaba. Ban taɓa jin magana ta yi tsawo haka ba. Da na zo wurin tambayar da tsohon ya yi mini da amsar da na ba shi, wata tsohuwa ta tofar da yawu a ƙasa. Ita ce ke kawo wa Yaya man kaɗe a da. Ta ce da Hausarta:

"Ni na daina gaishe shi a kasuwa. Ya gaishe ni sau uku, ban amsa ba."

Ta shiga wani ɗaki ta daɗe, sai ga ta da jikokinta suna mirgino tukunyar sabulun Yaya. Gero suke zubawa a ciki duk shekarun nan. Ta sa aka juye geron, ta ce in kai wa mai ita, in ce mata gaisuwar nan uku yau an amsa. Ni ba ta ce mini sai an jima ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na iso Sokode da tukunyar ɗaure a saman mota, aka sauke ta a ƙofar Yaya. Ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa bakinta da yatsa ta saurari ƙarar. Na isar da saƙon tsohuwar, ta gyaɗa kai.

"Da bakinka ka faɗa?"

"Da bakina."

"Gaban mata?"

"Gaban mata da yara."

"To, a shigar mini da ita ciki."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Saboda haka in wani ya sake tsayawa a taro ya ce ubanku ya riƙe yayarsa, ku gyara masa ko ina raye ko ba na raye. Ku ce ɗaki ɗaya ya ba ta bayan ya raba ta da gida da sana'a da fuskar mahaifinta, ita kuwa ta riƙe masa suna shekara arba'in. Ku faɗi sunan itacen, ku faɗi wanda ya riƙe gizagon.

Washegari da safe ina zaune a baranda, ta gama wanke-wanke ta ɗauko bokitinta tana ɗingishi. Na miƙe zan karɓa ta ɗaga mini hannu. Ba ta nufi ƙofar gida ba. Ta taka har gindin lemon, ta tsaya ta dube ni, sannan ta juye ruwan duka a wurin, ta kife bokitin ta koma ɗaki.